Ranar da Muka Zauna Jiran Kaza Ta Tashi Daga Kan Lasisinmu

Wata Alhamis ce a farkon shekarar 2015, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, a ɗakin injuna na ƙaramin gidan rediyon da nake aiki a Mubi. Mu uku ne a ɗakin: ni, mai karanta labarai da Hausa, da manajanmu, wani dattijon Bafulatani da kowa ke kira Alhaji, da injiniyarmu, wata mata 'yar tsaunukan Michika wadda ba ta son yawan magana. Na karanta labarai masu yawa a rayuwata, akasarinsu sun bi iska. Amma abin da ya faro daga wannan minti, har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga kaina ba.

A ƙarshen shekarar da ta gabace ta ne 'yan ta da ƙayar baya suka shiga Mubi, kowa ya kama gabansa. Ni na faɗa Yola. Mahaifiyata, wadda ke zaune a Betso, ta bi ayarin mata suka haura duwatsu zuwa wani ƙauye da ke tsallaken iyaka, cikin Kamaru. Da gari ya koma hannun hukuma muka dawo, muka tarar an fasa gidan rediyon, an ƙone ɗakin ajiyar kaset da duk takardun ofis. Abin da ya tsira shi ne saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk muryoyinmu da kaɗe-kaɗenmu, domin tana wani lungu bayan tarin karyayyun kujeru. Ta tsira, amma da kyar. In an kunna ta sai ta yi minti goma ta mutu, tana warin ƙuna.

A cikin sabar nan akwai wani sauti na daƙiƙa arba'in. Busar sarewa ce, da ita muke buɗe tasha kullum da ƙarfe shida na safe tun ranar da aka kafa gidan. Mahaifina ne ya busa ta. Manomi ne, bai taɓa shiga situdiyo ba sai ran nan, ya kuwa rasu shekaru kafin rikicin. Kaset ɗin asali ya ƙone tare da sauran. Wanda ke cikin saba shi kaɗai ya rage a duniya.

Ranar Litinin ta makon nan wani mai fataucin gyaɗa, wanda ke bin hanyar duwatsu da keke, ya kawo mini saƙon mahaifiyata. Ya ce, "Malam, ta ce in faɗa maka ranar Asabar motoci za su zo su kwashe su zuwa babban sansani, can cikin ƙasa. Ita da matan Betso suna da rediyo guda, kullum da safe suna hawa dutse da shi. Ta ce muryarka ba shaida ba ce, don ana iya ɗora maka bindiga a ka, ka ce gari lafiya. Amma 'yan ta da ƙayar bayan nan ba sa barin a yi busa. In ta ji sarewar babanka kafin Asabar za ta sauko. In ba ta ji ba za ta shiga mota."

Na ce, "Kai ba ka gaya mata gari ya lafa ba?"

Ya ce, "Na gaya mata da bakina. Ta ce ni ɗan kasuwa ne, ko wuta ake yi zan ce a zo."

Haka take. Tsohuwa ce mai hawan jini, kuma duk wanda ya shiga motocin nan sai an yi watanni ana neman inda aka sauke shi. Ni kuma ba ni da halin zuwa in ɗauko ta, domin namiji mai shekaruna in ya tunkari iyakar nan a lokacin, sai an ɗaure shi tukuna a tambayi sunansa.

Ranar Talata sabon inji ya iso daga Yola. Injiniya ta buɗe tsohuwar saba, ta zaro faifan ajiyarta, ta haɗa shi da sabon. Ta yi mana bayani sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Ta ce, "Ba kayan ɗaki za mu kwashe ɗaya bayan ɗaya ba. Ɗakin gaba ɗaya za mu ɗauka, har da ƙusar da ke jikin bango, mu dasa shi a sabon gida." Aikin ya ci Talata da Laraba, saboda janareta sai an huta masa, tsohon faifan kuma ya fara wata 'yar ƙara kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kwano. Da kwafin ya kammala ta ce faifan nan ba zai ƙara jure wani ba. Ranar Larabar kuma aka gwada tiransimita, na'urar da ke jefa sautinmu cikin iska, ta tashi lafiya.

Shi ne muka taru da safiyar Alhamis. Injiniya ta danna maɓalli. Jama'a, komai ya fito! Hoton da ke fuskar tsohuwar saba, da jerin shirye-shiryenmu, har da wani kuskuren rubutu da na yi shekara uku ina cewa zan gyara. Alhaji ya ɗaga hannu yana ta hamdala. Babbar manhajar da ke tafiyar da injin ta ce sai an sake tabbatar da ita, aka buga waya, ni na karanto dogayen lambobin tun da karatu ne sana'ata, aka ba mu wasu muka shigar, ta wuce. Har na fara lissafin inda zan sauke mahaifiyata.

Sai muka buɗe manhajar watsa shirye-shirye, wadda sautukan ke cikinta. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutun Turanci layi biyu. Ma'anarsa ita ce: wannan ba shi ne injin da aka ba lasisi ba. A bayan akwatin ina hango sunan sautin, "Sarewar buɗe tasha", amma ba ya dannuwa. Manhajar nan tana adana sauti ne a wani tsari nata na kanta, ba abin da ke buɗe shi sai ita.

Alhaji ya ce, "Injiniya, ba mu muka sayi abin nan ba?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba manhajar muka saya ba. Izinin amfani da ita a kan inji ɗaya muka saya."

"To ai inji ɗaya ne! Ɗayan ya mutu!"

"Ita ba ta san ya mutu ba. A ganinta tagwaye muka yi mata."

A lokacin haushi ya hana ni ganin gaskiyar maganar. Yanzu na gane. Yadda muka kwafa sau ɗaya, haka za mu iya kwafa sau goma mu raba wa gidaje goma, kuma waɗanda suka ƙera manhajar ba su da hanyar bambanta wanda aka ƙone wa ofis da wanda ya zo sata.

Muka kira wakilin kamfanin a Legas, Injiniya ta sa wayar a fili kowa yana ji. Mutumin yana da ladabi. Ya ce mayar da lasisi kan sabon inji abu ne da ake yi, amma sai da takardar shaidar saye ta asali. Muka ce ta ƙone. Ya ce to sai a cike fom a tura wa masu manhajar a ƙasar waje, mako biyu in an yi sauri. Na dubi kalandar da ke bango. Saura safiya ɗaya tak kafin Asabar, ta Juma'a.

Alhaji ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce ƙasa-ƙasa akwai wani a kasuwa da ba kullen da ba ya fasawa. Injiniya ta girgiza kai. Ta ce fasasshiyar manhaja a kan ma'ajiyar sautin ake ɗora ta, in ta ɓata ma'ajiyar ba mu da wani kwafin, kuma ko ba haka ba ita ba za ta sa hannunta a aikin ba. Ba zan ɓoye ba, ina bayan Alhaji. Na ce, "Madam, uwata ce fa."

Ta dube ni ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan yi caca da abin da guda ɗaya ne a duniya ba."

Sai ta karɓi wayar ta yi tambayar da ba ta zo wa ɗayanmu a rai ba. Ta ce, "Oga, da me takamaimai manhajar take gane injinta?" Ya ce da lambar da ke cikin katin sadarwa, wato ɗan katin da ake soka wa wayar da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta. Ta ce in katin mai cirewa ne fa? Muka ji yana buɗe takardu. Ya dawo ya ce yarjejeniya ta yarda: kati ɗaya, inji ɗaya. In muka mayar da katin cikin sabon inji lasisi zai bi shi, da sharaɗin ba za a ƙara kunna tsohon ba, kuma a turo masa hoton da ke nuna tsohon ya yi ritaya.

Shekara biyar ina aiki da matar nan ban taɓa ganin ta yi tsalle ba sai ran nan. "Mai cirewa ne! Ni na sa shi da hannuna, shekarar da tsawa ta ƙone na asali!" Ta juya da gudu zuwa lungun da ta ajiye gangar jikin tsohuwar saba. Ba komai a wurin sai shatin inda ta zauna.

Ni kuwa na san inda take. Ranar Talata da yamma maigadinmu, wani dattijo mutumin Gude da muke kira Baba, ya same ni ya ce, "Malam, wannan akwati ya gama aiki?" Ni kuma na ji da kunnena Injiniya ta ce mun cire mata rai. Na ce ya ɗauka. Wanda bai zauna Mubi a watannin nan ba ba zai gane ba. Mutane sun dawo sun tarar ko murfin tukunya babu. Duk abin da ke da bango huɗu da ƙofa, ba a barinsa ya kwana a bola.

Aka kira Baba. Ya shigo da hularsa a hannu.

Alhaji ya ce, "Baba, ina akwatin?"

"Yana gida, Alhaji. Kaza na mata na yana ciki."

"Kaza?"

"Yana kwanci. Tunku ya sha ƙwai biyu, shi ya sa. Akwati na ƙarfe, tunku ba ya iya shi."

Injiniya ta ce, "Baba, ka ciccire kayan cikin?"

"Ban cire komai ba, 'yata. Ciyawa kawai na zuba."

Ta sauke numfashi, ta ɗauki sukudireba biyu ta jefa a jaka.

Mu huɗu muka cusu a keke napep, don an hana hawa babur a lokacin. A kowane shingen bincike sai mun sauka, mun ɗaga riga, mun taka da ƙafa mun wuce. A na ƙarshe aka gargaɗe mu cewa ƙarfe biyar suke rufe hanya, wanda bai dawo ba ya kwana inda yake. Mun isa gidan Baba ana dab da sha biyu.

Rabin rufin gidan a ƙone yake. A ƙarƙashin rumbu, cikin inuwa, ga sabarmu kwance a gefenta, an tokare murfinta da dutse ya zama rumfa, lambar kayan ofis tana nan manne a jikinta. A ciki wata jar kaza ta baje, tana kallonmu da ido ɗaya. Ta baya ana ganin bakin katin, amma sukurun da ya riƙe shi yana ciki, daidai ƙarƙashin ƙirjinta.

Matar Baba, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ko kafaɗata ba ta kai ba, ta saurari bayaninmu har ƙarshe. Sannan ta je ta tsaya tsakaninmu da rumbun.

Ta ce, "Ba wanda zai taɓa shi. Wannan kaza, a kai na na ɗauke shi har dutse. Akuya ya tafi, tumaki ya tafi, shi kaɗai ya rage mini. Saura kwana uku ya fasa. Shekaranjiya na canza masa gida, da kyar ya yarda. In kun ɗaga shi yau ya bar ƙwai, wa zai kwanta a kai? Kai, Alhaji?"

Baba ya juya baya yana tari don kada a ga dariyarsa. Alhaji ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan kawo miki kaji goma daga kasuwa."

"Kaza na kasuwa bai san ni ba."

Na durƙusa a gabanta. Ban yi mata zancen lasisi ba. Na ba ta labarin mahaifiyata, da dutsen da suke hawa da rediyo, da motocin Asabar. Sai ta ce, "Mai sarewa na safe, baban ka ne?" Na ce shi ne. Ta rufe baki ta rera farkon busar da hanci, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Ta ce da ita take tashi hura wuta shekara da shekaru.

Ta ce, "To ku zauna. Kullum in rana ya karkata yana fita shan ruwa. Ba ya daɗewa. In ya fita, ku yi aikin ku. Amma ba mai kore shi, ba mai kiran shi. Shi zai tashi da kan shi."

Ta gindaya mana sharuɗɗa. Duk wanda zai sa hannu a sheƙar sai ya wanke ƙamshin sabulu, ya murtsuke hannu da toka da ciyawa. Ta shinshina Alhaji, ta ji turarensa, ta tura shi can bakin danga ta ce kada ya matso. Manajan gidan rediyo guda, ya tafi sumui-sumui ya zauna kan turmi. Injiniya ta zana cikin akwatin a ƙasa da tsinke, ta nuna inda sukurun yake, aka raba aiki. Mama za ta kwashe ƙwai cikin ƙwarya ta rungume a cikinta don kada su huce. Ni zan ɗaga ciyawar gaba ɗaya a dunƙule, kada siffar sheƙar ta lalace. Injiniya ta kwance katin. Baba ya tsaya gadin kaza yana ba mu rahoto. Sau uku muka gwada da duwatsu a madadin ƙwai.

Sannan muka zauna ƙarƙashin tsamiya muka zuba wa kaza ido.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Alhaji ya yi azahar a bakin danga, ko tarinsa ba a ji ba. Ƙarfe biyu ta wuce. Mama ta kawo mana kunu muka sha. Aikina ya koya mini ƙirga daƙiƙa, na san tsawon daƙiƙa goma in makirfo yana buɗe ba abin faɗa, amma ban san tsawon sa'a ba sai ran nan. Na lissafa cewa in ba mu bar gidan nan da huɗu da kwata ba, shinge zai rufe. Kazar ta lumshe ido. Na yi mata addu'ar ƙishirwa, Allah ya gafarta mini.

Ƙarfe huɗu saura minti goma ta motsa. Ta miƙe a hankali, ta bubbuɗa gashinta ta zama kamar biyu, ta yi wani gunaguni, ta sako ƙafa ɗaya waje. Ta tsaya. Ta sako ta biyun. Ta nufi kaskon ruwa a bayan ɗaki da tafiyar wadda ba ta son a ga ta fita.

Muka ruga a kan yatsun ƙafa. Mama ta kwashe ƙwai goma, kowanne da ɗigon gawayi a samansa. Na cusa hannu biyu na ɗago sheƙar, da ɗuminta da warinta. Injiniya ta kwanta rub da ciki ta soka sukudireba. Ta murɗa, ya zame. Ta sake, ya zame. Tsatsa ta kama sukurun.

Daga kusurwar ɗaki Baba yana ta raɗa, kai ka ce sharhin ƙwallo yake yi. "Yana shan ruwa. Yana sha. Ya gama. Yana cin tsaki. Yana birgima. Madam, yi sauri, ya ɗaga kai!"

Injiniya ta ce, "Mai! Ko wane iri!"

Mama ta nuna wata kwalba da haɓa. Alhaji ya manta da dokar da aka kafa masa, ya rugo da babbar riga ya ɗauko man gyaɗan, ya tsoma gashin kaza ya miƙa, ya sake komawa da gudu. Ta ɗiga ɗigo ɗaya, ta ƙwanƙwasa kan sukurun sau biyu, ta danna da dukkan nauyinta. Na ji wata 'yar ƙara, ƙis. Ya juya!

"Yana zuwa! Wallahi yana zuwa!"

Ta zare katin ta soka a cikin rigarta. Na sauke sheƙar. Mama ta jera ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ɗigon gawayi a sama, ba ta yarda hannunta ya yi gaggawa ba. Muka ja da baya muka manne da rumbu.

Kazar ta iso bakin akwatin ta tsaya. Ta karkata kai ta dubi ƙwan da ido na dama, ta juya ta dube su da na hagu. Na saci kallon Mama, na ga leɓenta yana motsi. A nan ne kawai na tuna cewa in kazar nan ta juya baya, mu mun samu abin da muka zo nema, ita kuma tsohuwar nan ta rasa abin da ya rage mata, saboda uwar wani. Ban taɓa son wata halitta ta zauna kamar yadda na so a lokacin ba.

Ta shiga. Ta jujjuya ƙwai biyu da baki, ta girgiza, ta baje a kansu.

Injiniya ta ja hannun rigata ta ce, "Hoto." Na ɗauka da wayata: tsohuwar saba, murfi a tokare, kaza a ciki. Sai da muka fita bayan danga sannan muka saki ihu. Alhaji ya rungume Baba, da turaren da komai, yana ta yi wa Mama godiya da Fulatanci, "Useko, useko!" Ita kuwa ta kore mu da hannu ta ce mu tafi da hayaniyarmu.

Mun tsallake shingen ƙarshe saura minti bakwai a rufe. A ɗakin injuna Injiniya ta wanke katin da sipirit da buroshin haƙori, ta cire wani ɗan gashi da ya maƙale a haƙoransa, ta shanya shi gaban fanka. Katin tsohon yayi ne, sabon injin kuma rami ɗaya tak yake da shi na irinsa. Ya shiga daram. Ta kunna. Ta buɗe manhajar. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a allo, muna tsaye mu uku muna kallo. Akwatin nan mai layi biyu bai fito ba. Jerin sautukan ya haska daga sama har ƙasa.

Alhaji ya buɗe baki zai yi kabbara, ta ɗaga masa hannu. Sai da ta fitar da sarewar zuwa tsarin da kowace waya ke iya buɗewa, ta zuba ta a 'yan ma'ajiyoyin filas uku, ta ba kowannenmu ɗaya. Sannan ta matsa gefe ta ce mini, "Kai za ka danna."

Na danna. Mahaifina ya cika ɗakin. A daƙiƙa ta ashirin da uku akwai inda ya tsaya ya ja numfashi, da ɗan kakari a maƙogwaro, kafin ya ɗora. Sau biyu a baya na nemi a yanke wurin nan, domin inda aka horar da ni an koya mana cewa ba a barin numfashi ya fita a iska. Sau biyun Alhaji yana cewa sai an samu lokaci.

Muka tura hoton Legas. Ba a yi minti biyar ba mutumin ya kira, dariya ta hana shi magana. Da ya samu kansa ya ce ya karɓi shaidar, kuma bai ga alamar za a ƙara kunna injin nan ba. Ya ce duk da haka mu cike fom ɗin, don lasisin ya koma kan sabon inji a rubuce, kada watarana katin ya mutu mu koma gidan jiya. Injiniya ta cike shi a take.

A tashar muka kwana saboda dokar hana fita. Ranar Juma'a, ƙarfe shida daidai na safe, na ɗaga maɓallin sauti na saki sarewar. Alhaji ya nuna mini yatsa uku ta gilashi, na sa ta sau uku a jere. Sannan na buɗe makirfo na yi sallama, na faɗi sunan tashar, na ce daga Mubi muke magana. Muka riƙa maimaita busar a farkon kowace sa'a har yamma.

Rediyo ba ya gaya maka wanda ya ji. Juma'a ta wuce shiru. Asabar na karanta labarai ina tunanin motoci. Ranar Lahadi da la'asar Baba ya leƙo situdiyo ya ce, "Malam, kana da baƙi."

Tana tsaye a bakin ƙofa da sandarta, ƙafafunta sun kumbura, mata shida a bayanta, ɗaya tana rungume da rediyo a naɗe cikin zane. Ko Betso ba su biya ba. Na durƙusa, ta dafa kaina ta ce na rame. Sannan ta gaya mini, da yarenmu, yadda aka yi a kan dutsen. Ta ce da busar ta fara, wasu matan suka ce ai kowa zai iya kwaikwayon sarewa, ƙila tarko ne. Ta ce, "Na ce musu ku yi mini shiru. Na jira wurin da yake jan numfashi. Da ya ja, na ce ku ɗaure kaya."

Abin da na koya ke nan, kuma har yau da shi nake aiki. In za ka ɗauke abu daga tsohon mazauninsa zuwa sabo, kwafa shi kaf bai isa ba. Ka fara tambayar da me ake gane shi, ka karanta abin da ka sa wa hannu ranar da ka karɓe shi, kuma kada ka kyautar da gangar jikin sai sabon ya yi magana. Sau da yawa abin da ake gane shi da shi ƙarami ne, irin wanda mai son tsafta zai share ko ya yanke.

Takardar lasisin ta iso bayan mako uku. Kazar Mama ta ƙyanƙyashe tara cikin goma, tsohuwar ta aiko wa Injiniya da budurwar kaza ɗaya da damina. Numfashin mahaifina yana nan a daƙiƙa ta ashirin da uku, ban sake neman a yanke shi ba.